Daga Karare Zuwa Kano Neman Tarihin Jirgin Sama

Abin da ya tashe mu wannan tafiya ba babban abu ba ne a idon mutane, amma a gidanmu ya dame mu ƙwarai. Muna da yarinya 'yar shekara 9. Duk sa'ad da ta ji ƙugin jirgin sama, sai ta yar da abin da ke hannunta, ta ruga ɗaki, ta shige ƙarƙashin gado. Ba ita kaɗai ba ce kuwa. Mu mutanen Karare ne, a yammacin Jihar Katsina, wajen Batsari da Safana, ba nisa da Dajin Rugu. Tun da 'yan bindiga suka mai da dajin nan maɓoyarsu, jirgin da yaranmu suka sani shi ne na yaƙi. In ya wuce, sun san akwai tashin hankali a wani wuri.

Wata rana da yamma Baba, mahaifin maigidan nan namu, yana zaune a gindin darbejiya, ya ga yadda yarinyar ta yi. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "A zamaninmu, in yaro ya ji jirgi, waje yake fita da gudu, yana ɗaga hannu, yana ce masa sai ya dawo. Yau ga shi gudunsa ake yi." Baba ya haura shekara 80. Gab da samun mulkin kai a 1960 ya tafi Kano cin rani, ya zama yaron wani ɗan koli mai sayar da kayan fata a filin jirgin sama. Ya yi rani da yawa a can kafin ya komo gida ya riƙe gona.

Wan yarinyar, ɗan shekara 14, ya ce malaminsu ya gaya masu a waɗansu ƙasashe akwai gidajen tarihi inda ake ajiye tsofaffin jirage, mutane su shiga su gani, har su taɓa. Ya ce, "Kaka, a Kano akwai irinsa?" Baba ya ce, "Mu je mu gani. Gani ya kori ji." Ya juya wajen yarinyar, ya ce, "Ke ma amaryata, da ke za mu. Ba na tafiya in bar matata a ƙarƙashin gado." Muka yi dariya, amma magana ta zauna ke nan. Da aka gama girbi, muka sayar da buhun gero biyu, muka yi guzuri.

A Kan Hanya

Ba mu yi sammako ba, gama yanzu a wajenmu ba a kama hanya sai rana ta fito sosai. Mu biyar ne: Baba, da mu iyaye biyu, da yara biyu. Muka fito Batsari, muka sami mota zuwa Katsina, tafiyar wajen kilomita 50. A Katsina muka wuce ta kusa da tsohon ginin Kwalejin Katsina, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Ginin ƙasa ne, amma yana nan tsaye, an mai da shi gidan tarihi. Baba ya nuna shi, ya ce, "Kun gani, abin da aka kula da shi ba ya ɓata."

Daga Katsina zuwa Kano wajen kilomita 170 ne. Muka bi ta Charanchi, da Kankiya, da Tsanyawa, da Bichi. Hunturu ya fara, hazo ya rufe sararin sama, gonaki duk an yanke kara. Yara suna cin dafaffen rogo da ƙuli, Baba kuwa yana ba su labarin yadda ya fara yin tafiyan nan a bayan babbar mota, a kan buhunan gyaɗa. Da la'asar muka shiga Kano ta Dawanau, muka sauka gidan wani ɗan'uwanmu a Sabon Gari, tsohon malamin makaranta ne, mai son karatun tarihi. Shi ya zama jagoranmu, daga bakinsa kuma muka sami yawancin shekarun da za ku gani a nan.

Washegari ya fara kai mu Gidan Makama, kusa da fadar Sarkin Kano. Muka ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da kayan yaƙin dā, da hotunan sarakuna. Gida ne mai kyau, ya kamata kowane mai iyali da ya zo Kano ya kai yaransa. Amma tarihin birni ne aikinsa. Muka yi tambaya nan da can, ba mu sami wanda ya nuna mana wani gida da aka keɓe domin jiragen sama ba. Fuskar yaron ta canza. Malam ya dafa shi, ya ce, "Kada ka damu. Filin kansa gidan tarihi ne, ga kuma kakanka, shi ne mai gadinsa."

Jirage Uku A Filin Dawaki

Kafin mu kai filin jirgi, Malam ya tsai da mu a bakin wani filin dawaki, ya ce mu dubi faɗinsa. Gama a filin dawaki na Kano ne jiragen farko suka sauka, tun ba a gina masu nasu wuri ba. Ran 1 ga Nuwamba 1925 ne, zamanin Sarkin Kano Usman. Jirage uku ne na sojan sama na Ingila, irin da ake kira DH.9A, shugabansu kuwa wani hafsa ne mai suna Arthur Coningham. Sun tashi daga Helwan, kusa da Alƙahira ta Masar, ran 27 ga Oktoba. Suka bi ta Hartum, da El Fasher, da Njamena, wadda a lokacin ake kira Fort Lamy. Wannan kuwa ita ce hanyar da alhazan ƙasar Hausa suke bi da ƙafa da jakuna, waɗansu su yi shekaru kafin su kai bakin Bahar Maliya. Jiragen nan suka yi ta cikin kwana 6.

Kada mai karatu ya zaci irin jiragen yau ne. Da katako aka yi gangar jikinsu, aka lulluɓe da ƙyalle mai kauri. Fukafukansu hawa biyu ne, injinsu ɗaya, mutum biyu kaɗai suke ɗauka, ba su da rufi a kansu sai hula da tabarau. Ba su da na'urar da ke nuna hanya irin ta yau, sai taswira, da kamfas, da ido. Malam ya ƙara mana da cewa wannan Coningham, bayan ya zama babban hafsa a Yaƙin Duniya na Biyu, ya ɓace a teku a 1948, cikin wani jirgin fasinja da ya nufi tsibirin Bermuda, ba a kuwa ga ko ɓurɓushinsa ba. Yarinyar ta ce, "To, su ba su jin tsoro?" Malam ya ce, "Suna ji mana. Amma suka hau."

Yadda Kano Ta Zama Zango

Daga nan muka kama hanyar filin jirgi. Sunansa yanzu Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano, domin tunawa da shugaban siyasar nan na talakawa wanda ya rasu a 1983. Shi ne fili mafi tsufa a Nijeriya. A 1936 kamfanin Imperial Airways na Ingila ya fara kawo wasiƙu daga Hartum zuwa Kano, kafin shekarar ta ƙare kuma aka miƙa hanyar har Ikko.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya ƙara ɗaukaka filin. Daga 1940 Turawan Ingila suka riƙa kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi, a ƙasar da yau ake kira Gana. Can ake harhaɗa su, sa'an nan su taso ta Ikko, da Kano, da Maiduguri, da Hartum, har Masar inda ake gwabzawa. Dubban jirage suka bi ta nan.

Bayan yaƙi sai fasinja. Me ya sa Kano? Dalilin a fili yake. Jiragen lokacin masu farfela ne, ba su iya tafiya mai nisa ba su sha mai ba. In jirgi ya taso daga Turai ya ƙetare Hamada, Kano ce babban gari na farko da zai tarar. Ashe abin da raƙuma suka yi shekaru ɗaruruwa, su zo daga Tarabulus da Agadas su yada zango a Kano, shi ne jirage suka zo suka maimaita. Kamfanin BOAC na Ingila, da Sabena na Beljiyam, da KLM na Holan, duk suna sauka a nan, su sha mai, su wuce Kwango da Afirka ta Kudu. KLM ya fara zuwa Kano a 1947. A 1957 aka buɗe sabon ginin fasinja, wanda a lokacin ya zama abin kallo.

Bakin Baba Ya Buɗe

Wanda ba shi da tikiti ba ya wucewa ciki, haka dokar wurin take. Saboda haka muka tsaya daga waje, inda ake ajiye motoci. Baba ya daɗe yana dube-dube, kamar mai neman tsohon gidansa a garin da aka sāke wa fasali. Can sai ya ɗaga sandarsa, ya fara nuni.

Ya ce a zamaninsa jiragen Turai yawanci da dare ko da asuba suke sauka. Shi da ubangidansa su shimfiɗa tabarma, su jera tumtum na fata, da jakunkuna, da takalma, da mafitai, da tasoshin tagulla na Bida. Turawa su sauko da barci a idonsu, ba su da fiye da sa'a guda kafin a kira su. Ciniki da hannu ake yi. Baba ya ce nan ya koyi ƙidaya da Turanci, nan kuma ya fara ganin kuɗin ƙasashen da bai taɓa jin sunansu ba. Da ribar rani uku ya sayi keke, ya kuma yi kayan aure. Ya dubi jikarsa, ya ce, "Kin ji, amaryata. Jirgin nan da kike gudu, shi ya biya sadakin kishiyarki." Yarinyar ta rufe fuska tana dariya.

Sa'an nan ya ba mu labarin mai raƙumi. A shekarun 1950 akwai mutumin da aikinsa shi ne ya hau raƙumi, ya riƙe kakaki, in jirgi ya kusa sauka ya busa, domin masu wucewa da makiyaya su kau da kansu da dabbobinsu daga hanya. Turawa sun ɗauki hotonsa da yawa, har ya zama kamar alamar filin Kano a ƙasashen waje. Yaron ya ce, "Kakakin sarki?" Baba ya ce, "Irinsa. Ai jirgi ma baƙo ne mai daraja."

To, me ya rage wa Kano wannan kasuwa? Ci gaban da ya kawo ta, shi ya ɗauke ta. Daga shekarun 1960 jirage masu injin jet suka yawaita, waɗanda ke iya tashi daga Turai har Ikko ko gaba ba tsayawa. Zango ya zama ba dole ba. Kamfanoni suka janye ɗaya bayan ɗaya. KLM ne ya fi daɗewa, shi ma ya daina zuwa a 2012, bayan shekara 65. Amma filin bai mutu ba. Har yanzu jirage suna tashi zuwa Ikko da Abuja, da Jidda da Alƙahira, lokacin aikin hajji kuwa wurin cika yake yi.

Giwa Mai Fukafukai

Baba ya sa hannu cikin aljihu, ya fiddo wani abu da ya ɗaure a tsumma. Ba mu san ya taho da shi ba. Wata 'yar takarda ce mai kauri, irin wadda ake ɗaura wa jakar fasinja, ta yi ja don tsufa. A jikinta akwai hoton giwa mai fukafukai. Malam ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "Baba, ashe kuna da wannan! Yara, ku zo ku ga Nigeria Airways."

Ga tarihinsa a taƙaice. A 1946 aka kafa kamfanin jiragen sama na Afirka ta Yamma, wato WAAC, na haɗin gwiwar Nijeriya, da Gold Coast, da Saliyo, da Gambiya. Da aka raba shi, Nijeriya ta fara nata a 1958, a 1961 kuma ya zama na gwamnati ɗungum. Jiragensa fari da kore ne, launin tutarmu. A farkon shekarun 1980 yana da jirage wajen 30, suna zuwa Landan, da New York, da Jidda, da biranen Afirka. Amma bashi da rashin kyakkyawan riƙo suka ci shi sannu a hankali, har ya tsaya cik a 2003. Kamfanoni masu zaman kansu suka cike gurbin, irin su Kabo Air na Kano, wanda aka kafa a 1980, da Max Air na Alhaji Ɗahiru Mangal, mutumin Katsina.

Ba labarin daɗi kaɗai filin nan ke da shi ba. Ran 22 ga Janairu 1973, cikin hazon hunturu, wani jirgi Boeing 707 da ya ɗauko alhazai daga Jidda ya yi hatsari wajen sauka a Kano. Mutum 176 suka rasu. Baba yana Kano a ranar. Ya ce gari duka ya yi tsit, Musulmi da Kirista kowa yana juyayi, gama ba wanda bai san wani da abin ya shafa ba. Muka yi shawara ko mu ɓoye wa yarinyar wannan, amma Baba ya ƙi. Ya ce yaro in ka ɓoye masa rabin gaskiya, ran da ya ji ta ba zai yarda da sauran rabin ba. Malam kuma ya bayyana mata cewa kowane hatsari akan bincike shi, a gano dalili, a gyara doka da na'urori, shi ya sa yau tafiya a jirgin sama ta fi tafiya a mota aminci nesa ba kusa ba.

Sa'ad Da Jirgi Ya Tashi

Muna cikin haka sai muka ji ƙara tana tasowa daga bayan gini. Yarinyar ta ƙanƙame zanen uwarta, jikinta yana rawa. Ba gado a nan, ba ɗaki. Baba ya kama hannunta, ya ce, "Buɗe ido ki gani. Mutane ne a ciki, irinmu. Akwai mai zuwa biki, akwai mai zuwa asibiti, akwai ɗan makaranta." Sai ga shi ya ɓullo, fari fat, hancinsa a sama, rana tana walƙiya a jikinsa. Ya naɗe ƙafafunsa kamar shamuwa, ya karkata, ya nufi kudu.

Ta bi shi da kallo har ya shige cikin hazo. Sa'an nan ta ce, "Me ya riƙe shi?" Malam ya ce ta tuna sa'ad da ta miƙa tafin hannu ta tagar mota, ta ɗan karkata shi, iska ta ɗaga shi sama. Haka fiffike yake yi. Inji yana tura jirgi gaba da ƙarfi, fiffike yana danna iska ƙasa, iska kuwa tana tura shi sama. Dole ne sai ya yi gudu ƙwarai kafin ya tashi, fiye da kilomita 200 a sa'a, shi ya sa babbar hanyar jirgi ta Kano ta fi kilomita 3 tsawo. Ta ce, "Mace tana iya tuƙa shi?" Malam ya ce tana iyawa. A Zariya akwai makarantar koyon tuƙin jirgin sama tun 1964. Can Kyaftin Chinyere Kalu ta koya, ita ce mace ta farko a Nijeriya da ta zama matuƙiyar jirgin fasinja, a 1981, daga baya ma ta shugabanci makarantar. Da jirgi na biyu ya tashi, ba mu ce mata kome ba. Ita da kanta ta ɗaga hannu.

Abin Da Muka Komo Da Shi

Can gefe muka hango waɗansu tsofaffin jirage da aka ajiye, ƙura ta rufe su, rana tana cin fentinsu. Yaron ya ce, "Ga gidan tarihin nan, ba a dai gyara shi ba ne." Gaskiya ya faɗa. A birnin Washington na Amurka an ajiye jirgin da 'yan'uwan nan biyu, su Wright, suka fara tashi da shi ran 17 ga Disamba 1903, tashin daƙiƙa 12 kacal. A Landan, a gidan tarihin sojan sama, akwai DH.9A guda, ɗan'uwan waɗanda suka sauka Kano. A Holan akwai Aviodrome, inda ake nuna tsofaffin jiragen KLM. Ko a nan Afirka, kusa da Johannesburg, an ajiye manyan jirage Boeing 747 guda biyu na kamfanin ƙasarsu, 'yan makaranta suna zuwa kallo. Kano, wadda ta karɓi jirgi tun 1925, ta cancanci irin wannan. Tsohon jirgi ɗaya, da ɗaki ɗaya na hotuna, da kakakin mai raƙumi, sun isa a fara.

Amma kafin hukuma ta yi nata, akwai namu. Ya ku masu karatu, a gidaje da yawa akwai tsoho irin Baba, wanda ya ga abin da ba za a sāke gani ba. Akwai tsohon tikiti, ko hoto, ko wasiƙa a ƙasan adaka. Ku tambaye su tun suna nan, ku sa yara su rubuta. Mu shekara nawa muna zaune da Baba, ba mu taɓa jin labarin mai raƙumi ba sai da muka kai shi wurin.

Muka kwana biyu a Kano, muka komo Karare lafiya, muna godiya ga Allah. Ba za mu ce tsoron yarinyar ya ƙare sarai ba, gama abin da ya kawo shi yana nan, kuma muna roƙon ranar da zaman lafiya zai komo ƙasarmu. In na yaƙi ya wuce ƙasa-ƙasa, takan matso kusa da uwarta. Amma in ta ga wani can ƙololuwa yana jan farin zare a sama, sai ta kira wanta, su tsaya suna gardamar inda ya nufa. Takardar giwa mai fukafukai kuwa Baba ya ba ta. Ta sa ta cikin littafinta na lissafi.